Lungun da Makara ba ta Wucewa

Talata, 10 ga Satumba, 2024

An koma makaranta yau. Na ce yara su zana kofi, suka zana kofi. Hedimasta ya kira ni ofis ya sake yi mini gaisuwar rasuwar Mma, mahaifiyata, ya ce in yi haƙuri, na ce to.

Shekaranjiya aka yi addu'ar arba'in. An ci shinkafa, an wanke tukwane, masu hayar rumfa sun kwashe kujerunsu daga bakin titi, dangin Tamale da na Accra duk sun hau mota. Gida ya koma yadda yake, sai dai babu ƙamshin ƙosai da asuba.

Da na dawo na buɗe ɗakin aiki. Ba a cikin gida yake ba, manne yake da bangonmu ta waje, daidai inda lungu yake lanƙwasa kafin ya fita titi. Mma ce ta gina mini shi da kuɗin koko da ƙosai, shekarar da na gama jami'a, don ta gaji da ganin akuya tana cin takarduna a tsakar gida. Ta sa aka shafa masa koren fenti. Ba ta taɓa gane abin da nake yi a ciki ba. Takarda nake yankawa ina liƙawa a kan falanki, ba hoton mutum ba, ba na dabba ba, launi ne kawai da sura. Liƙe-liƙe take ce masa. Amma in baƙi sun zo sai ta nuna ƙofar da haɓa ta ce, "Ofishin Suraju ke nan."

Na zauna na yanka takardar buhun siminti har aka kira magariba. Ban liƙa komai ba.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ruwa. Ban fita ba bayan makaranta.

Asabar, 14 ga Satumba

Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta, tunda ba wanda yake maganarsa a gidan nan.

Ranar da Mma ta rasu, mata suka yi mata wanka a ɗakinta, aka sa ta a makara a tsakar gida. Ni nake riƙe da gaba ta dama, Yaya Amidu yana baya. Muka fita zaure lafiya, muka bi lungu lafiya. Da muka zo lanƙwasa sai gaban makarar ya doki bangon bayan gidan su Malam Sanni, bayanta kuma ya doki ɗakina. Muka ja baya, muka sake gwadawa. Muka sake. Wani ya ce a karkata ta. Da aka karkata sai na ji Mma ta zame a ciki, na ji nauyinta ya taho kafaɗata, Yaya ya yi tsawa ya ce a tsaya.

Liman Nuruddin ne ya ce a sauke. Aka fito da ita, aka naɗe ta a tabarma, muka zagaya da ita a hannu. Makarar kuwa aka tsayar da ita tsaye aka wuce da ita, sannan aka mayar da Mma ciki a bakin titi, gaban masu sayar da kati da 'yan trotro, motocin haya. Mata duk suna ƙofar gida suna kallo.

Abin da ya zauna mini daga ranar ba salla ba ce, ba maƙabartar Tafo ba ce. Ƙarfen makarar ya kankare fentin ɗakina ya bar dogon layi fari, shi na tsaya ina kallo har sai da wani ya taɓa ni.

Litinin, 16 ga Satumba

Mauludi. Yaran makarantar allo sun wuce da ganguna. Na rufe taga.

Laraba, 18 ga Satumba

Fareeda ta buga waya. Ajinmu ɗaya a jami'a, yanzu ita take shirya nune-nunen zane a wani zaure a Adum. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce za su yi nuni a watan Nuwamba a kan yadda ake gina birni, tana son aiki ɗaya babba daga wurina. "Cale, abokina, shekara nawa ba mu ga hannunka ba? Kai kaɗai nake da shi daga Zango." Na ce to. Da ta ce in zo in share mata zauren ma to ɗin zan ce.

Lahadi, 22 ga Satumba

Na fita neman takarda. Bana ba a wahala, shekarar zaɓe ce, kowane bango ya sha fosta har hawa uku. Daga Asawase zuwa Kejetia na cika jaka: fuskokin 'yan takara, sanarwar mutuwar Asantawa, masu maganin basur, masu wa'azin coci, masu ɗaukar mutum aiki a Dubai. Ba fuskokin nake so ba, bayan takardar nake so, inda ruwa ya jiƙa ta ta ɗauko launin bangon.

Na hau benen kasuwa na tsaya ina kallon rufin unguwarmu. Kwano ne ja da tsatsa, ɗaya a kan kafaɗar ɗaya. Ba wanda ya taɓa zama ya zana Zango. Wannan ya yi aure ya ƙara ɗaki, wannan ya haihu ya ƙara baranda, wannan ya yi ritaya ya fito da shago. Ba wanda ya gina lungu, abin da ya rage ne bayan kowa ya ɗauki nasa. Daga sama ma ba a ganinsa sai ka san inda yake.

Haka zan yi aikin. Zan shafa wa falanki farin fenti, in fara liƙi daga gefe ina matsowa ciki, abin da ya saura fari shi ne hanya. Na dama sitacin rogo irin na masu liƙa fosta. In ya bushe ba ya ciruwa sai ya yaga na ƙasa.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na liƙa. Na ci abinci. Na liƙa.

Asabar, 28 ga Satumba

Goggo Barakatu ta zo ƙofar ɗakin aiki. Yayar Baba ce, ita ta rage a cikinsu. A gidan nan aka haife ta, da mijinta ya rasu ta dawo ɗakin uwarta na can ƙurya, ba ta sake kwana a wani wuri ba sai Makka. Doguwa ce, har yau sai ta sunkuya take shiga ɗakinta. Ba ta taɓa zuwa nan ba.

Ba ta shigo ba. Ta dafa bango ta leƙa falankin ta ce, "Me ake dafawa?" Na ce aiki ne na nuni. Ta ce yoo, wato to. Sai ta juya tana kallon lanƙwasar lungu, ta daɗe.

"Uwarka gajera ce, Suraju. Ni kuwa ka gan ni."

Na ce Allah ya ƙara lafiya, Goggo. Ta ce lafiya ai ta sha ta har ta ƙoshi, ita dai ba ta so a naɗe ta kamar kayan gwanjo a wuce da ita gaban 'yan trotro. Ta faɗa tana dariya. Ta tambaye ni ko ina da canjin sidi biyar, na ba ta, ta tafi sayen goro.

Na ci gaba da yankan da nake yi.

Talata, 1 ga Oktoba

Yara sun zana ganye. Wata ta zana ganye da fuska, na ba ta maki mai kyau don ban ga dalilin hana ta ba.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Bayan sallar Juma'a Yaya Amidu ya tsayar da ni a zaure. Shi ne mai gida yanzu, kuma ya fara tafiya irin ta masu gida, hannu a baya. Ya ce Goggo ta yi masa maganar shi ma. Ya ce kada in sa komai a raina, ba laifin kowa ba ne, an yi gwaji.

Na ce wane gwaji?

Ashe ban sani ba, ina Bolga ina sabis na bautar ƙasa lokacin da aka gina ɗakin. A unguwar nan, in mutum zai fito da bango cikin lungu, ba a zuwa ofishin kowa neman izini. Kafin a zuba siminti sai a jera bulo hawa biyu inda bangon zai tsaya, a je masallaci a ɗauko makara ba kowa a ciki, mutum huɗu su bi lungun da ita. In ta wuce, a yi gini. In ba ta wuce ba, a ja bulo baya. Tun zamanin kakanni haka ake yi, shi ne awon hanya a wurinmu. Ya ce Mma da kanta ta aika aka ɗauko ta, ta tsaya da ludayin koko a hannu tana kallo, makara ta wuce sumul, ta ba masu ɗauka ƙosai.

Sai dai waccan tsohuwar makarar katako ce, gajera, marar murfi. Gara ta cinye ta. Bara Alhaji Shakiru da yake Jamus ya aiko wa masallaci sabuwa ta ƙarfe, mai murfi da dogayen mariƙai, kowa ya sa masa albarka. Ba wanda ya tuna cewa duk lungunan unguwar da tsohuwar aka auna su. Mma ce ta farko da aka ɗauka a cikinta daga gidanmu.

Yaya ya ce zai sa kafinta ya yi mana gajera ta katako, mu ajiye a masallaci, shi ke nan magana ta ƙare. Na ce to.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ban yi niyya ba, hannu ne kawai ya saba. Na auna lanƙwasar da igiya, na zana ta a kwali daidai gwargwado. Tsayin Goggo ba a auna shi tana raye, don haka na auna ƙofar ɗakinta na ƙara abin da take sunkuyawa. Na yanka ɗan siririn kwali mai wannan tsayi, na ƙara wurin riƙo kaɗan gaba da baya, na tura shi cikin lungun takarda da yatsa.

Bai juya ba. Na rage wurin riƙon, bai juya ba. Tun bayan gwajin Mma su Malam Sanni sun yi wa bayan gidansu sabon yaɓe sun kuma fito da famfo, abin bai kai kamu ɗaya ba, amma ya isa. Da na cire wurin riƙon gaba ɗaya, ya zama Goggo ce kaɗai ba makara, sai ya wuce da ƙyar.

Bayan gidan nan ban-ɗaki ne, duk 'yan hayar gidansu shi suke shiga, kuma ya riga ɗakina zuwa duniya. Ba mai taɓa shi.

Na sa kwalin a ƙarƙashin tulin takardu. Ban gaya wa Yaya ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

An ɗauke wuta tun rana. Na yi aiki a bakin ƙofa. Masu wucewa sai sun karkata kafaɗa, mai tallan ruwa ta ce "Ticha, kafra," wato gafara, ta tsallake ƙafata. Da ban taɓa lura da yawan mutanen da suke karkata a nan ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Falankin ya kusa cika. Ja da ruwan ƙasa da shuɗi sun matso daga ko'ina, farin ya zama zare, yana tafiya yana lanƙwasa. A lanƙwasar akwai gurbi ɗaya da na bari. Na gwada koren fosta, bai yi ba. Na gwada ledar sabulu, ba ta yi ba. Daga baya na ɗauki reza na fita na kankaro fentin bangon ɗakin nan, ɓawo-ɓawo, na shigo na jera su a gurbin. Ya yi daidai.

Na tsaya ina jiran in ji wani abu. Yunwa na ji, na je na sayi waakye, shinkafa da wake.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Fareeda ta zo ganin aiki. Direban tasi ya ajiye ta a titi, ta shigo da ƙafa, jakarta ta maƙale a famfon su Malam Sanni. Ta daɗe gaban falankin tana nazarinsa, abin da nake so da ita ke nan tun muna makaranta. Sannan ta fara. Wai ga birnin da hukuma ta manta da shi, ga mutane suna numfashi ta ƙaramar kafa, ga yadda rashin tsari yake shaƙe talaka. Tana faɗa tana rubutawa a waya. Ba ƙarya take yi ba.

Ta nuna koren ta ce, "Wannan fa? Shi ne mugun a labarin, ko? Shi ya shaƙe hanyar."

Na ce ɗakin da muke tsaye a ciki ne.

Ta kalli rufi, ta kalli ƙofa. Na ba ta labarin makarar a taƙaice, kamar mai ba da labarin wani gida. Ta ajiye wayar. "Ei, Suraj. To me za ka yi?" Na ce zan shafa masa abin da zai hana shi ɓarewa kafin a ɗauka. Ta ce ba shi take tambaya ba. Na ce na sani.

Da za ta tafi ta tambayi sunan aikin. Na ce ta sa wanda ta ga dama.

Litinin, 21 ga Oktoba

Goggo ba lafiya. Zazzaɓi. An kai ta asibiti a tasi, sai da aka riƙe ta zuwa titi.

Laraba, 23 ga Oktoba

An kwantar da ita. Na je bayan makaranta. Tana barci, ƙafafunta sun wuce gadon. Matar Yaya tana zaune tana jan carbi, ta dube ni ta sauke ido. A gidan nan ba wanda ya ce mini uffan game da ɗakin, kuma kowa in ya zo lanƙwasar sai ya yi sauri.

Asabar, 26 ga Oktoba

Goggo ta dawo gida. Ta rame, amma bakin yana nan: wai abincin asibiti an dafa shi ne don mutum ya yi kwaɗayin lahira.

Da yamma ta tara mu, ni da Yaya da 'yarta Zaratu da take aure a Krofrom. Ta ce ta yanke shawara za ta koma wurin Zaratu. Gidansu a bakin titi yake, mota tana tsayawa a ƙofa. Ta ce a kan gadon asibiti ta yi ta lissafin kusurwar nan har barci ya gagare ta, ita kuwa ba za ta ƙarasa kwanakinta tana tsoron bango ba.

Yaya ya kawo maganar kafinta. Ta ce, "Amidu, kai za ka rage mini tsayi ko kafintan?" Ban sani ba ko shi ma ya auna a ɓoye.

Zaratu ta ce ɗakin da za ta ba ta sai an gyara, tsakiyar watan gobe za ta zo da mota. Tana magana tana share ido, don ta san uwarta. A Krofrom ba wanda zai ce mata Goggo, maƙwabta duk yaren Twi suke yi, masallaci da nisa.

Da suka fita Goggo ta riƙe mini hannun riga. "Ban ce ka taɓa komai ba, ka ji ko? Hannun uwarka ne. Ni na ga yadda ta tara bulon nan, ɗaya-ɗaya, a bayan murhu." Na ce na ji, Goggo.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na kwana a ɗakin aiki. Ba dalili.

Laraba, 30 ga Oktoba

An zo da mota an ɗauki falankin. Shi ma sai da aka tsayar da shi tsaye kafin ya fita lungu. Ɗakin ya yi faɗi. A bayan inda falankin yake jingine na ga ƙusar da Mma ta sa aka buga mini don in rataye riga, wai kada sitaci ya ɓata mini kayan makaranta. Ban taɓa rataye komai a kanta ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

An buɗe nuni. Na sa riga mai guga, na tsaya kusa da aikina kamar mai gadi. Mutane sun zo da yawa, ɗaliban zanen gini da malamansu da Turawa biyu. An ba mu sobolo, wato zoɓo, a kofin takarda. Fareeda ba ta rubuta abin da ta faɗa ran nan ba, sunana kawai ta sa da abin da aka yi aikin da shi: takarda, sitaci, fentin bango.

Wani malamin zanen gini, dattijo mai furfura, ya tambaye ni ko farin hanyar ruwa ce. Na ce hanyar mutane ce. Ya ce su a takarda da hanya suke farawa sannan su sa gidaje, amma gidajen nasu ba mai iya biya, shi ya sa bai cika ɗaga murya a kan unguwa irin tamu ba. Ya tambaya da me muke auna faɗin lungu. Na gaya masa. Ya cire tabarau ya goge, ya ce bai taɓa ji ba.

Wata ɗaliba ta ɗauki hoto a gabansa tana murguɗa baki. An tafa mini. Na hau trotro na dawo.

Talata, 5 ga Nuwamba

Goggo ta fara ɗaure kaya. Ta raba tukwanenta, ta ba matar Yaya babban turmi. Ta kira ni in sauko mata da akwatin ƙarfe daga kan kabad. Tana ta ba da umarni da ƙarfi kamar mai shirin biki. Da na juyo da akwatin na same ta ta dafa bangon ɗakin da tafin hannu. Ta ce ƙura take dubawa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Mata suna ta shigowa sallama. Tsohuwar gidan Malam Sanni, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta zauna tun hantsi har la'asar, ba abin da suke yi sai faɗa a kan wadda ta fi iya tuwo. Da za ta tafi ta kasa tashi, ba don ƙafa ba.

Ina jin su ta bango. Na share ɗakin aiki, abin da ban yi ba tun azumi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ruwan jiya ya ɗiga ta kusurwar rufi. Kaɗan ne. Na kira Fataw mai gini ya duba.

Ya hau, ya sauko, ya ce ƙusa ɗaya ce ta saki, ya riga ya buga. Na ce ya duba bangon ma. Ya ƙwanƙwasa ya ce, "Ticha, bango shina lafiya lau. Mma bai yi wasa da siminti ba." Na tambaye shi, tambaya kawai, in mutum yana son ya ja bangon nan baya ya bar rabin ɗakin, zai yiwu? Ya taka ciki ya taka waje. Ya ce abin da zai saura ko tabarma ba zai ɗauka ba, gara a sauke duka a bar bangon gida.

Ya tsaya yana kallona. Fataw yana cikin waɗanda suka riƙe tabarmar ran nan. Ya ce ranar Laraba ba shi da aiki. Na ce ni dai yoyo na kira shi ya duba. Ya ce yoo.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na kwashe takardu zuwa ɗakin kwanana, don damshi. Buhu ya cika ɗakin, gado kawai ya rage. Matar Yaya ta gan ni ina jigila, ta ajiye wanke-wanke ta kama mini teburin, ba ta tambaye ni komai ba.

Na roƙi hedimasta hutun Laraba. Na ce ina da uzuri a gida.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Fataw ya zo da sassafe. Kafin hantsi ya cire kwano da katako da ƙofa, ya jingine su a zaure kusa da kayan Goggo da aka tara ana jiran motar Zaratu ranar Asabar. Sai ya ɗauko guduma ya tambaye ni ta ina zai fara. Na ce ya ba ni.

Bugun farko bai yi komai ba. Gaskiyar Fataw ce, Mma ba ta yi wasa da siminti ba. Sai a na nawa ban sani ba bulo ya tsage, na ga cikinsa, baƙi-baƙi da hayaƙin murhu ta gefe ɗaya. Na ajiye gudumar na zauna a ƙasa cikin lungu, mutane suna tsallake ni. Ya yi mini zafi. Zafi sosai, a nan ƙarƙashin haƙarƙari, har na kasa miƙewa, kuma na kira Mma da ƙarfi, Fataw ya ji. Ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara.

Yaya ya fito ya tsaya, hannu a baya. Can ya tuɓe riga ya fara kwashe ɓaraguzai.

Zuwa la'asar an gama. Wurin ya yi haske, har ana hango titi daga ƙofar gida. Ban san inda zan yi aiki ba yanzu. Ban yi tunaninsa ba tukuna.

Goggo ba ta fito ba duk yinin. Sai da magariba ta kusa na gan ta a zaure, ta leƙa lungu sau ɗaya, ta ce mun cika mata kaya da ƙura, marasa hankali. Ta kwance ƙulli ɗaya wai tana neman butarta, ta ɗauki butar da bargo ta koma ɗakinta. Ta ce in buga wa Zaratu in ce kada ta yi gaggawar motar, ita ƙafarta tana ciwo wannan makon.

Na buga. Tafin hannuna duk ya yi bororo, da ƙyar nake riƙe biro.